DARASIN KIWON LAFIYA: BAƘUWAR DA KE CIKIN HANJINMU

Yau za mu yi magana bisa wata ƙaramar halitta wadda kowane ɗayanmu yake ɗauke da ita a cikinsa, ko da lafiyarsa lau. Likitoci suna kiranta E. koli.

Mece ce E. koli?

Ƙwaya ce mai rai, irin waɗanda ake ce ma mikrob. Ido ba ya ganinta sai da madubin likita. Siffarta kamar ɗan guntun kara. In aka jera guda 500 kai da kai, tsawonsu bai wuce milimita ɗaya ba. Wani likitan yara Bajamushe, Theodor Escherich, shi ya gano ta a shekarar 1885 cikin kashin jarirai, don haka aka sa mata sunansa.

Mazauninta babban hanji ne, na mutum da na dabba. Tana shiga cikin jariri tun kwana biyun farko bayan haihuwa. In ta samu ɗumi da abinci, cikin minti 20 guda ta rabu biyu, biyu su zama huɗu. Ku yi lissafi da alli: cikin awa 7 guda ɗaya ta wuce miliyan 2.

Amfaninta

Kowane manomi ya san gonar da shuka ta rufe ba ta barin wuri ga haki. Haka hanji yake. E. koli da sauran ƙwayoyi na kirki suna cika wurin, su cinye abincin, har muguwar ƙwaya in ta shigo ta rasa wurin zama. Tana kuma yin bitamin K, wanda jiki yake bukata don jini ya daskare in an ji rauni.

To, ina cutarta?

Ku dubi akuya. A turke dukiya ce, in ta shiga gonar hatsi ta zama ɓarna. In E. koli ta bar hanji ta bi hanyar fitsari, sai ta kawo zafin fitsari da ciwon mara. Mata sun fi kamuwa, don hanyar fitsarinsu gajera ce. In aka yi sakaci ciwon yakan hau zuwa ƙoda. Mace mai ciki da ta ji haka, ta tafi likita ba da jinkiri ba.

Na biyu, cikin danginta akwai miyagu masu dafi. Su ne ke sa ma yara zawo mai ruwa-ruwa, wani lokaci har da jini. A shekarar 1982 a Amurka an gano wani irin da ke zaune cikin hanjin shanu ba tare da ya cuce su ba, amma ya kwantar da mutanen da suka ci naman da bai dahu ba. A shekarar 2011 wani irin ya kashe fiye da mutum 50, galibinsu a Jamus, ta hanyar tsiron hulba da aka ci ɗanye.

Ta ina take shiga?

Hanyarta ɗaya ce: daga kashi zuwa baki. Mutum ya yi bayan gida a fili, ruwan sama ya kwashe zuwa tabki. Dabbobi sun tattake bakin rijiya, igiyar wasaki ta kwanta bisa ƙazantar, aka sake zura ta ciki. Uwa ta wanke ma yaro, ta koma dama fura ba ta wanke hannu da sabuni ba. Ƙuda ya tashi daga juji ya sauka bisa tuwo. Shi ya sa ma'aikatan ruwa, in za su gwada rijiya, E. koli suke nema. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada a samu ko guda cikin mililita 100 na ruwan sha. In an same ta, kashi ya shiga ruwan ke nan, ko da ya yi garau a ido.

Abin da za ku yi

1. Ku gina salga, ku rufe bakinta. Kashin yaro ma a zuba shi ciki.
2. Ku wanke hannu da sabuni bayan bayan gida, da kafin girki, da kafin cin abinci.
3. Ku tafasa ruwan da ba ku amince da shi ba. Ku rufe randa, ku ware mata moɗa.
4. Ku dafa madara, ku dafa nama har tsakiya.
5. Mace in za ta yi tsarki, ta fara daga gaba zuwa baya.

In zawo ya kama yaro

Abin da ke kashe yaro shi ne ƙarewar ruwan jikinsa. Ku karɓo ƙunshin gishirin zawo da ƙwayar zinki a likita. In babu, ku zuba cokalin shayi 6 na sukari, a shafe, da rabin cokali na gishiri cikin litar ɗaya ta ruwa mai tsabta, ku riƙa ba shi kaɗan-kaɗan. Kada a hana shi nono ko abinci. In kun ga jini a kashinsa, ko idonsa ya faɗa, ko ya kasa sha, ku kai shi likita nan take.

Kada ku sayi kafso wurin mai talla. Shan magani barkatai yana kashe ƙwayoyin kirki na hanji, ya bar masu taurin kai waɗanda magani ba ya ji.

Wanda ya karanta wannan darasi, ya karanta ma maƙwabcinsa da bai iya ba tukuna. Sai mako mai zuwa, mu kwana lafiya.