Mahaɗar Titi da Haƙƙin Mutanen Gari

Tun 2006 gwamnatin tarayya ta ba da kwangilar mayar da hanyar Kano zuwa Maiduguri tagwaye, kuma kashin farko, daga Kano ta Wudil zuwa Shuwarin, an ba da shi ga kamfanin Dantata da Sawoe. A irin wannan titi, inda aka buɗe mahaɗa nan manyan motoci za su riƙa sauka, nan kuma za a ci gonaki da gidaje. Shi ya sa idan mutanen gari irin Lajawa suka ce ba su yarda da wurin da aka zaɓa ba, ya wajaba a saurare su. Dokar filaye ta 1978 tana biyan diyyar gini da amfanin gona, amma ƙasar da iyali ke nomawa shekara da shekaru ta tafi ke nan.

Wasu za su ce mahaɗa tana kawo ciniki, kamar yadda titi ke ciyar da kasuwar shanun Wudil ranar Juma'a. Gaskiya ne, sai dai ribar takan tafi wajen 'yan kasuwa, haɗarin tsallaka titi kuma ya faɗa kan yara 'yan makaranta. Dokar tantance illar ayyuka ga muhalli ta 1992 ta ba jama'a damar faɗin ra'ayinsu kafin a fara aiki, lokacin da matsar da mahaɗa bai wuce gyaran zane ba.