Darussa uku da wani ɗan Zongo ya ɗauko daga Jami'ar Lome ya kai rumfar mahaifinsa

Mu nan Zongon Lome mun daɗe da jin iyaye suna cewa yaron da ya wuce sakandare ya tafi jami'a, kasuwa ta yi asararsa. Ba abin mamaki ba ne, domin fatauci ne ya kafa unguwar, kuma ko da hukuma ta rushe tsohon Zongo a 1977 ta mayar da jama'a arewacin birni, sana'ar ba ta canza ba. A kan haka ne muka zauna da wani matashi, ɗan wani mai sayar da atamfa, wanda ya yi digiri a tsangayar tattalin arziki da gudanarwa ta Jami'ar Lome, wato FASEG. Jami'ar an kafa ta ne a 1970 da sunan Jami'ar Benin, aka sauya mata suna a 2001. Tambayarmu ɗaya ce: waɗanne darussa ya fi so, kuma me ya samu?

Na farko da ya ambata shi ne lissafin kuɗi. Ya ce a nan ya gane cewa kuɗin da ke cikin aljihun ɗan kasuwa da yamma ba riba ba ne, sai an fitar da uwar kuɗi da kuɗin mota da na 'yan dako da hayar rumfa. Da ya rubuta cinikin mahaifinsa na 'yan watanni, sai ga shi wani nau'in kaya da ake ganin ya fi tafiya, bashi ne yake cinye ribarsa. Ya kuma tuna mana gobarar babbar kasuwar Adawlato ta watan Janairun 2013, ya ce littafin da aka ajiye a rumfa kaɗai, wuta ɗaya ce ke cinye shi tare da kaya. Shi ya sa yanzu yake ajiye kwafi a gida.

Amma darasin da ya fi kwanta masa a rai shi ne dokar kasuwanci. Ƙasashen Afirka 17, ciki har da Togo da Benin da Nijar, suna aiki da doka iri ɗaya ta ƙungiyar OHADA, wadda aka rattaba hannu a kan yarjejeniyarta a 1993. Babbar dokar kasuwancin ma a nan Lome aka sabunta ta ranar 15 ga Disamban 2010. Ita ce ta ce littafin ɗan kasuwa yana iya zama hujja a gaban alƙali tsakaninsa da ɗan uwansa ɗan kasuwa. Ta kuma yanka wa'adi: yawancin haƙƙoƙin kasuwanci shekara 5 ne, na sayar da kaya tsakanin 'yan kasuwa kuwa shekara 2. Wanda ya yi ta kawaici har wa'adin ya wuce, yana iya rasa damar kai ƙara. Ya ja hankalin masu ƙetare iyaka cewa Gana da Nijeriya ba sa cikin OHADA, don haka da an tsallaka Aflawo, doka ta canza.

Mun tambaye shi ko mahaifinsa ya yarda a riƙa sa abokan ciniki hannu a takarda. Ya yi dariya, ya ce da farko Alhaji ya ƙi, yana ganin cin fuska ne ga mutanen da suka shekara ashirin suna hulɗa bisa amana. Sai da ya tuna masa cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, sannan dattijon ya sauko.

Na uku shi ne darasin cinikin ƙasa da ƙasa. A nan ya koyi cewa tun 2015 harajin kwastan na bai ɗaya na ECOWAS hawa biyar ne: kashi 0 da 5 da 10 da 20 da 35 cikin ɗari, gwargwadon irin kayan. Wanda ya san hawan da kayansa suke, zai iya duba lissafin mai fito masa da kaya daga tashar jiragen ruwa kafin ya biya. Ya ƙara da cewa Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS a watan Janairun 2025, amma suna nan cikin UEMOA, kuma sefa ɗaya muke kashewa.

Bai ɓoye mana cewa jami'a ba ta koya masa ciniki ba. Sanin atamfa ta gaske da taɓawa, da gane mai biya da mai gudu, duk a wurin Alhaji ya koya. Muna kira ga iyaye a Sinkase da Hilakonji da Aflawo da su bar yaran da ke da ƙwazo su yi karatun, lokacin hutu kuma a zaunar da su a rumfa a miƙa musu littafin ciniki. Allah ya sa albarka.