Shirun Ɗaliban Sakandare: Ladabi Ne Ko Tsoro?

Duk wanda ya taɓa leƙa ajin babbar sakandare ta gwamnati a Kano ko Zariya ko Gusau da misalin ƙarfe sha biyun rana ya san yadda lamarin yake. Malam ya ba aji baya yana cika allo da rubutu, ɗalibai na kwafa kai a sunkuye. Na layin gaba na ƙoƙarin cim ma hannunsa kafin ya goge, na tsakiya na leƙen littafin na kusa da su, na can ƙurya kuwa tuni gyangyaɗi ya kwashe rabinsu, sauran na kallon taga suna jiran a kaɗa ƙararrawa. Idan lokacin darasi ya kusa cika, sai malam ya waiwayo ya tambaya da Turanci ko an gane. Aji ya ɗauka baki ɗaya: "Yes sa!" To, akwai mai tambaya? Sai wuri ya yi tsit kamar mutuwa ta gifta.

Wani abin takaici shi ne yadda muka mayar da wannan shiru abin yabo. Tun daga firamare ake naɗa monita, a ba shi takarda ya rubuta sunayen masu surutu, malam ya dawo ya bi su da bulala. Yaro ya taso da sanin cewa buɗe baki a aji haɗari ne, kuma ba a taɓa rarrabe masa tsakanin surutu da tambaya ba. A ƙarshen zango a rubuta masa a takardar sakamako cewa yaro ne mai natsuwa, uba ya karanta ya ji daɗi, alhali yaron ya yi wata uku yana zaune a gaban darasin da bai san gabansa da bayansa ba. Gundurar da ake gani a idon ɗalibanmu daga nan take fitowa, domin babu mai iya zaman awa shida yana sauraren zancen da ba ya fahimta, ba a kuma ba shi damar cewa bai fahimta ba.

Babban abin da ke ɗaure harshen yaron nan shi ne harshen da ake karantar da shi. Tambayar tana zuwa masa da Hausa. Kafin ya ɗaga hannu sai ya juya ta zuwa Turanci a zuci, ya auna ko jimlar ta miƙe, ya kuma tuna abin da ya sami wani ɗan ajinsu da ya yi tuntuɓen harshe aka sheƙe da dariya, har kalmar da ya ɓata ta zame masa laƙabi. Kafin ya gama wannan lissafi malam ya shiga wani babin. Idan kuwa ya yi ƙundunbala ya yi tambayar da Hausa, a makarantu da dama laifin "banakula" ne, wanda ake cin tara ko a yi horo a kansa.

Idan mai karatu bai manta ba, wannan muhawara ta daɗe. Makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 da Hausa ta fara. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi a soma karatun firamare da harshen uwa ko na yankin da yaro yake. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci gwaji a Ile-Ife, inda aka karantar da yara da Yarbanci tsawon shekara shida, kuma ba su gaza takwarorinsu ba ko a darasin Turanci. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince a yi dukkan karatun firamare da harshen uwa, a 2025 kuma ta soke wannan mataki. Yaran da aka yi ta wannan kai-komo a kansu su ne ke isowa sakandare da guntun Turancin da ya isa kwafar allo amma bai isa musu ba.

Wasu kan ce ai al'adarmu ce, ɗan Bahaushe ba ya ɗaga murya a gaban babba. Wannan uzuri bai gamsar da ni ba. Yaron nan da ya zama kurma da safe, je ka same shi da yamma a majalisa yana kare ƙungiyar ƙwallonsa da shekaru da alƙaluma, babu mai ƙure shi. Ko kuma leƙa zauren da ake karatun Ishmawi ko Risala, ka ga yadda ɗalibi ke tsayar da malam a kan mas'ala, malam ya warware masa da Hausa, babu wanda ya ce ya yi rashin kunya. Shahararren hadisin nan na Mala'ika Jibrilu ta hanyar tambaya da amsa ya karantar da ginshiƙan addini, Nana A'isha kuma ta yaba wa matan Ansar saboda kunya ba ta hana su neman sanin addininsu ba. Ko Askiya Muhammadu, da duk girman mulkinsa a Songhai, tambayoyi ya jera wa Shehu Maghili. Al'ummar da ta ce matambayi ba ya ɓata ba ta cancanci a ɗora mata laifin wannan shiru ba. 'Yan mata su suka fi cutuwa da wannan fassara ta kunya, musamman a makarantun da ake haɗa su aji ɗaya da maza.

Adalci ne kuma a dubi halin da malamin ke ciki. Manufar ilimi ta ce kada ajin sakandare ya wuce ɗalibi 40, amma a makarantu da yawa na cikin birane adadin kan ninka haka. Littattafai ba su wadata ba, don haka allo ya zama littafi. Ga manhaja da dole a ƙure ta kafin jarrabawar WAEC da NECO. Ga kuma malamin da ya karanci wani fanni aka tura shi ya koyar da wani daban. Irin wannan, tambayar ɗalibi barazana ce gare shi, shi ya sa yake tarbar ta da tsawa.

Duk da haka akwai gyaran da ba ya jiran kasafin kuɗi. A farkon shekarun 1970 wata masaniyar ilimi a Amurka, Mary Budd Rowe, ta nazarci darussan kimiyya da aka naɗa a kaset, ta gano cewa malamai kan jira kimanin daƙiƙa ɗaya kacal bayan sun yi tambaya. Da aka tsawaita jiran zuwa daƙiƙa uku ko fiye, sai amsoshi suka ƙara tsawo, masu ɗaga hannu suka ƙaru, ɗalibai suka fara jefo nasu tambayoyin. Idan yaran da ke karatu da harshen gidansu na bukatar wannan sarari, ina ga wanda sai ya yi fassara a zuci? Haka kuma babu abin da zai ragu a martabar malami idan ya karɓi tambaya da Hausa, ya amsa ta, sannan ya rubuta ta a allo da Turanci, yaro ya tashi da riba biyu. Mai jin nauyin miƙewa a bar shi ya rubuto tasa a guntuwar takarda ba tare da suna ba.

Waɗannan yara su ne gobe za su tsaya a gefen gadon majinyaci, su ga an rubuta maganin da suke shakka a kansa, ko su zauna a ofis a miƙo musu takardar da bai kamata su sa wa hannu ba. Wanda ya yi shekara shida ana horar da shi a kan cewa "Yes sa" ba zai wayi gari ya iya cewa "yallaɓai, a sake dubawa" ba. Akasarin masu karanta wannan shafi 'ya'yansu na makarantun kuɗi, suna iya zaton maganar ba ta shafe su ba. Ina ba su shawara yau da daddare su tambayi yaran ranar ƙarshe da suka ɗaga hannu a aji, da kuma abin da malam ya ce musu.