Wasiƙar Ofis Ta Ƙi Shigowa Waya: Ina Matsalar Take?

Kwanan baya mun ziyarci wani ɗan'uwa a gidansu da ke cikin birnin Zariya, kusa da Ƙofar Doka, muka tarar da shi cikin damuwa. Ofishinsu da ke Kaduna ya aiko masa da imel tun ranar Litinin cewa ya zo ganawar ƙarin girma ranar Laraba, amma saƙon bai faɗo wayarsa ba sai Alhamis da safe. Ya sha faɗa, an kuma ɗage maganar girman nasa. Da muka duba wayar tare, sai muka ga lafiyarta ƙalau, wani ɗan maɓalli ne kawai aka kashe. Shi ya sa muka ga ya kamata mu tattauna wannan batu da ku masu karatu, domin ma'aikata da malamai da 'yan kasuwa da yawa yanzu abincinsu ya rataya ga wannan 'yar na'ura.

Da farko, ya kamata mu gane cewa wasiƙar ba a cikin waya take zaune ba. Tana can cikin babbar kwamfutar ofis, wadda ake kira uwar garke, ita kuwa waya ɗan aike ce da ke zuwa ta ɗauko. In an tsare ɗan aike a hanya, ko an hana shi shiga ƙofa, wasiƙa ba za ta iso ba.

Mu fara da hanya. Tun 2001 da wayar salula ta shigo Nijeriya sabis ya yaɗu, amma mazauna cikin ganuwa sun san cewa katangar ƙasa mai kauri da rufin soro kan rage ƙarfinsa. Sau da yawa mutum zai iya kira daga ɗaki, amma intanet ba ta motsi sai ya fito tsakar gida ko ƙofar zaure. A buɗe wani shafi a gani ko zai buɗu, a kuma duba ko data ta ƙare. Wani lokaci ma laifin daga nesa yake. A ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, abin ya shafi bankuna da ofisoshi a ƙasar nan. A irin wannan hali haƙuri ne magani.

Na biyu, tsimin batir da na data, wanda shi ne ya kama ɗan'uwanmu. Saboda rashin tabbas na wutar lantarki, yawancinmu kan kunna tsimin batir don caji ya kai dare, kuma tun da aka amince da ƙarin kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, mutane sun ƙara matse hannu. To, waɗannan maɓallan biyu kan hana manhajar imel aiki a ɓoye, sai an buɗe ta da hannu. A shiga saitunan waya, a cire Gmail ko Outlook daga cikin manhajojin da aka takura, a kuma tabbatar an kunna daidaita saƙo kai tsaye.

Na uku, kalmar sirri. Ofisoshi da dama kan tilasta wa ma'aikata canza ta lokaci-lokaci. In ka canza a kwamfutar ofis ba ka canza a waya ba, wayar za ta yi ta ƙwanƙwasa ƙofa da tsohon makulli har a kulle akwatin gaba ɗaya. Bayan haka, tun Oktoban 2022 kamfanin Microsoft ya fara rufe tsohuwar hanyar shiga akwatin ofis da suna da kalmar sirri kaɗai, kuma Google ya bi sahu. Tsohuwar manhaja da ba a sabunta ba ba za ta iya sabuwar hanyar ba, sai a sauke sabuwa.

Na huɗu, ƙananan abubuwan da ake rainawa. In agogo ko kwanan watan waya ya kuskure, uwar garke kan ƙi amincewa da ita, don haka a bar wayar ta saita lokaci da kanta. Haka kuma akwatin Gmail na kyauta gigabait 15 yake ɗauka, har da hotunan da aka ajiye a ciki, in ya cika sabon saƙo ba zai shiga ba.

In duk wannan bai yi ba, sai a cire akwatin daga waya a sake sa shi. Amma kafin nan a tuntuɓi jami'in kwamfuta na ofis, domin lambobin mutane da ke haɗe da akwatin kan ɓace daga wayar. Matambayi ba ya ɓata.

Sai gargaɗi. Kada mu ba mai gyaran waya a Sabon Gari ko ko'ina kalmar sirrin ofis, komai amincinsa, domin sirrin ofis amana ce a wuyanmu. Kuma duk saƙon da ya ce akwatinka ya cika, ka latsa nan ka sa kalmar sirri, a yi hattara da shi, tarkon 'yan damfara ne galibi.

Ɗan'uwanmu dai yanzu kowace safiya kafin ya karya sai ya fito ƙofar gida ya buɗe akwatinsa da hannu, in kuma ya kwana biyu bai ga saƙo ba, sai ya kira ofis ya tambaya. Mu ma mu yi koyi da shi, don rigakafi ya fi magani.