Tsoro Ba Sai Da Dodo Ba

A shekarar 1999 aka fitar da wani fim a Amurka mai suna The Blair Witch Project. Cikin kwana 8 aka ɗauke shi a wani daji na jihar Maryland, kuɗin ɗaukarsa bai kai dala dubu 100 ba, amma ya tara kusan dala miliyan 250. Daga farko har ƙarshe ba a nuna mayyar ko sau ɗaya ba. To me ya razana masu kallo? Daji, da duhu, da tulin duwatsun da ɗaliban cikin labarin suka tarar a bakin tantinsu da safe, da ƙiraren da aka ɗaure da siffar mutum aka rataya a bishiyoyi.

Ku 'yan ƙungiyar wasan kwaikwayo masu shirin ɗaukar fim ɗin ban tsoro da waya, ga darasi: wuri da kayan aiki su ne rabin labarinku.

Ku fara da wurin da kowa ya sani. Ajinku bayan an tashi, ɗakin kwanan ɗalibai lokacin hutu, ko zauren gida da almuru. Mai kallo ya san yadda wurin ya saba kasancewa, don haka abu ɗaya kacal za ku sauya. A ce duk kujerun aji na fuskantar allo, ɗaya ta juya baya. Nan take gaban mai kallo zai faɗi.

Kayan aiki ma ba sai masu tsada ba. Fuskar makashin fim ɗin Halloween na 1978 ta roba ce, an sayo ta a kanti ƙasa da dala 2, aka shafa mata farin fenti. A fim ɗin Jaws na 1975 kuwa, kifin inji ya yi ta lalacewa, sai Steven Spielberg ya riƙa nuna ganguna masu ruwan ɗorawa suna gudu a saman teku. Kowa ya san abin da ke jan su a ƙasa.

Ku zaɓi abu ɗaya, ko buta, ko takalmi wari guda, ku nuna shi sau uku: a mazauninsa, sannan ya gusa, sannan a inda bai kamata a gan shi ba.

Sai a kiyaye: ku nemi izinin shugaban makaranta ko mai gida, ku sanar da maƙwabta kada ihun wasa ya tara jama'a. Ban da maƙabarta, ban da tsohuwar rijiya da kangon da ka iya ruftawa. Wuƙa ta kwali ta isa, zoɓo mai kauri kuma ya wadatar a matsayin jini.

Gobe idan an tashi, ku tsaya ku dubi ajinku. Wace kujera za ku juya?