Lauyoyi biyu, baitulmali guda

Idan talaka ya gurfana a kotun tarayya ta Amurka, lauyan da ke neman a ɗaure shi da wanda ke neman a sake shi duk gwamnati ce ke biyansu albashi. Sai dai ƙarfinsu ba ɗaya ba ne.

An kasa ƙasar gundumomin shari'a 94, da manyan masu gabatar da ƙara 93, domin Guam da Tsibiran Mariana ta Arewa mutum ɗaya ke riƙe da su. Shugaban ƙasa ke naɗa su na shekara huɗu, Majalisar Dattawa ta amince, suna aiki ƙarƙashin Ma'aikatar Shari'a. Safarar ƙwaya, zamba, ta'addanci da karya dokar shige da fice su ne abincinsu; yawancin shari'un sata da kisa na kotunan jihohi ne. Hukumar FBI ko wata irinta ta yi bincike ta kawo, shi kuma mai gabatar da ƙara ya zaɓi tuhumar da zai shigar. A manyan laifuka yakan kai hujjojinsa gaban wani zaman sirri na 'yan ƙasa 16 zuwa 23, inda lauyan wanda ake zargi ba ya shiga.

Shi kuwa lauyan marasa hali daga baya ya zo. Tun 1938 Kotun Ƙoli ta ce dole a ba talaka lauya a kotun tarayya. A 1963 Clarence Gideon, fursuna a Florida da ya rubuta kokensa da fensir, ya sa aka ɗora wa jihohi wannan nauyi. Da aka sake shari'arsa da lauya, sai aka wanke shi. Wata doka ta 1964 ce ta ware kuɗin biyan lauyoyin a matakin tarayya, gyaran 1970 ya ba da damar buɗe musu ofisoshi. Kotun ɗaukaka ƙara ce ke naɗa shugaban irin wannan ofis, kuma hikima ce: bai kamata ma'aikatar da ke tuhumarka ta riƙe wuyan mai kare ka ba.

Fafatawar da ake gani a fina-finai ba ta cika faruwa ba. Kusan tara cikin goma na waɗanda ake tuhuma amsa laifi suke yi, galibi bayan ciniki. Wasu laifukan ƙwaya doka ta yanke musu mafi ƙarancin ɗauri, shekara biyar ko goma, alƙali ba shi da ikon ragewa sai a 'yan wurare. Ke nan wanda ya zaɓi tuhuma ya riga ya yanka rabin hukunci. A ganina nan ne ma'aunin ya karkata, ko da yake tun 1963 an wajabta wa mai gabatar da ƙara miƙa duk shaidar da za ta taimaki wanda ake zargi.

Shi ya sa yawancin aikin mai kariya a gidan waƙafi yake da kan tarin takardu: ya auna hujja, ya nemi sassauci, ya fayyace wa mutuminsa abin da zai samu idan ya amsa da abin da zai iya hawa kansa idan ya ƙi. Amsawa ko ƙi kuwa, doka ta bar shi a bakin wanda ake tuhuma.