Cinikin Sarari: Abin da Ya Sa Ƙungiyoyin NBA Ke Ba da Ɗan Wasa Don Su Rage Nauyin Albashi

Uwargida, idan Allah ya ba ki ɗa ko 'ya mai bin ƙwallon kwando ta Amurka, kin san yadda ake kwana da waya a hannu, domin yawancin wasannin gasar NBA a tsakar darenmu ake buga su. Wataƙila kuma kin taɓa jin yaron yana mita, wai ƙungiyarsa ta ba da ɗan wasa mai kyau ba ta samo komai ba sai "sarari". Kika tambaye shi wane irin sarari, ya ce ba za ki gane ba. To za ki gane, don lissafin bai wuce irin wanda kike yi duk ƙarshen wata ba.

Mene ne wannan sararin?

Ƙungiyoyi 30 ne a NBA, kuma akwai iyakar da aka gindaya wa kowacce a kan jimillar albashin 'yan wasanta a shekara. An fara aiki da wannan tsari a 1984, lokacin iyakar tana dala miliyan 3.6. A kakar 2024 zuwa 2025 ta haura dala miliyan 140, domin tana tashi ne gwargwadon kuɗin da gasar ke samu. Idan albashin ƙungiya bai kai iyakar ba, tazarar da ta rage ita ce sarari.

An yarda ƙungiya ta wuce iyakar a wasu lokuta, misali wajen sabunta kwantiragin ɗan wasanta, kuma idan ta yi nisa sosai sai ta biya haraji. Amma in tana so ta ɗauko babban tauraro da kwantiraginsa ya ƙare a wani wuri, ta ba shi albashi mai tsoka, galibi sai tana da sarari.

Akwai abubuwa biyu da suka sa sararin ya zama haja. Na farko, yawancin kwantiragin NBA dole ne a biya su har ƙarshe, ko ɗan wasan ya ji rauni, ko tauraruwarsa ta dushe. Na biyu, ƙungiyar da ta wuce iyaka ba ta iya karɓar mai babban albashi a musaya sai ta fitar da albashi mai kusan yawansa, alhali mai sarari tana iya karɓa ba tare da ta mayar da komai ba. Don haka wadda kaya suka yi wa yawa sai ta nemi mai wurin ajiya. Ita kuwa ba kyauta take ajiyewa ba. Ladanta shi ne matashin ɗan wasa, ko damar zaɓe a rabon sababbin 'yan wasa da ake yi kowace shekara.

Yadda Lakers suka biya kuɗin gaggawa

A 2016 iyakar ta yi tsalle daga dala miliyan 70 zuwa 94 a lokaci guda, saboda sabuwar yarjejeniyar talabijin. Kusan kowace ƙungiya ta wayi gari da sarari. Golden State Warriors suka yi amfani da nasu suka ɗauki Kevin Durant. Los Angeles Lakers kuwa suka ba Timofey Mozgov dala miliyan 64 na shekara huɗu, suka ba Luol Deng, haifaffen garin Wau na Sudan ta Kudu, dala miliyan 72 na shekara huɗu.

Shekara ɗaya kacal suka fara neman hanyar fita. A watan Yunin 2017 suka tura Mozgov zuwa Brooklyn Nets. Kafin Brooklyn su yarda su ɗauki ragowar shekara uku na albashinsa, sai da aka haɗa musu da D'Angelo Russell, yaro ɗan shekara 21 wanda Lakers suka zaɓa a matsayi na biyu a 2015. Lakers suka karɓi Brook Lopez, wanda saura shekara ɗaya kwantiraginsa ya ƙare, da damar zaɓe ta 27 da ta kawo musu Kyle Kuzma.

Shi kuwa Deng, wasa ɗaya tak ya buga a kakar 2017 zuwa 2018. Daga baya aka sallame shi, aka rarraba ragowar kuɗinsa, har zuwa 2022 ana lissafa kimanin dala miliyan 5 duk shekara a cikin albashin Lakers, alhali ya daɗe da barin ƙungiyar.

Kwalliya ta biya kuɗin sabulu? A 2018 LeBron James ya sa hannu da Lakers, a 2020 suka ci kofi. Amma Russell da suka bayar ya shiga sahun taurarin gasar a 2019 yana sanye da rigar Brooklyn. Da ba su yi saurin cike sararinsu a 2016 ba, da ba sai sun haɗa da shi wajen fanso shi ba.

Masu ba da hayar sarari

Oklahoma City Thunder su suka tsaya a ɗaya gefen cinikin. A ƙarshen 2020 suka karɓi Al Horford da nauyin albashinsa daga Philadelphia, aka ba su damar zaɓe a zagayen farko a matsayin lada. A Yunin 2021 suka tura shi Boston, suka karɓi Kemba Walker da wata damar zaɓen, ta 16. Walker bai buga musu ko wasa ɗaya ba aka sasanta aka rabu. Sun sha kashi sosai a waɗannan shekarun, magoya baya suna ta haƙuri. A 2025 suka ci kofi. Ba wannan cinikin kaɗai ya kai su ba, amma yana cikin yadda suka tara damar zaɓe fiye da kusan kowa.

Sarari ba ya jefa ƙwallo

Kada ki ɗauka duk wanda ya buɗe sarari ya ci riba. A farkon 2019 New York Knicks suka tura matashin tauraronsu Kristaps Porzingis zuwa Dallas tare da wasu masu babban albashi, suka buɗe wurin da zai ɗauki manyan taurari biyu. Da lokaci ya yi, Kevin Durant da Kyrie Irving suka zo birnin New York ɗin, amma Brooklyn suka zaɓa. Cinikin biri a sama ke nan.

Kuma ba a boye sarari kamar kuɗi a asusu. Doka ta tilasta wa kowace ƙungiya ta kashe aƙalla kashi 90 cikin 100 na iyakar. Saboda haka darajarsa tana hawa da sauka: shekarar da kowa ke da shi, kamar 2016, yana araha, shekarar da 'yan ƙalilan ke da shi, masu shi ne ke yanke farashi.

A tuna kuma, waɗanda ake musayar mutane ne masu iyali. Yawancinsu ba a neman izininsu. Mutum zai kwana a wani gari ya tashi an ce ya koma wani, matarsa ta shiga neman gida da makarantar yara, ba don ya yi laifi ba, sai don adadin da ke rubuce a kwantiraginsa.

Abin hira da yaro

Ranar da ya sake yin mita, ki tambaye shi abu uku: shekara nawa suka rage a kwantiragin wanda aka fitar, me aka haɗa da shi kafin a karɓa, kuma wa ake sa ran zai cike gurbin? Daga nan hira za ta iya gangarowa gida, kan yadda alkawarin biyan da aka ɗauka yau a kan kuɗin wata mai zuwa yake hana mutum motsi ranar da abin da ya fi so ya zo. Yaron da ba ya son jin wa'azin tattali zai iya sauraron labarin Mozgov har ƙarshe.

Ke fa, wace ƙungiya ce ke hana 'yan gidanki barci? Ki faɗa mana a ƙasa.